Ba Kowane Jan Fitsari Ne Tsargiya Ba: Tarihin Wani Ƙari Mai Ɓuya a Mafitsara

A Waca da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da ma sauran garuruwan Magariya da Dungas, idan yaro ya ce ya ga jini a fitsarinsa ba a tsayawa dogon bincike. Uwa ta san sunan abin, malamin aji ya sani, mai shagon magani ma ya sani: tsargiya ce. Kuma a mafi yawan lokuta gaskiya suka faɗa. Ƙasarmu ƙasar tafkuna ce da fadamu. Tun zamanin masarautun Sosebaki, wato Waca da Mirya da Dungas, kafin Damagaram ta rinjaye su a ƙarni na 19, kusa da ruwa mutane suke kafa gari saboda lambu da rake da shayar da dabbobi. Inda ruwa ya kwanta kuwa, nan tsargiya take samun wurin zama.

Sai dai sanin suna yana da nasa haɗarin. Da zarar an kira ciwo da sunan da aka saba, sai a daina tambaya. Akwai ciwuka da ke fakewa a bayan tsargiya suna cin mutum a hankali, kuma ɗaya daga cikinsu wani ƙari ne da ba kasafai ake samunsa ba, wanda ke tsirowa daga ƙwayoyin jijiya a bangon mafitsara. Likitoci sun shafe fiye da shekara ɗari kafin su iya rarrabe waɗannan ciwuka. Tarihin yadda suka yi hakan ya shafe mu, malamai da iyaye, domin mu ne muke fara jin koken yaro kafin likita ya gan shi.

Tsutsar da aka gano a Alƙahira

Fitsarin jini tsohon ciwo ne. A shekarar 1910 wani likita mai suna Marc Armand Ruffer ya binciki ƙodojin gawarwakin mutanen Masar na dā, waɗanda aka busar aka adana fiye da shekara 3,000 da suka wuce, ya tarar da ƙwayayen tsutsar tsargiya a cikin biyu daga cikinsu. Sojojin Faransa da Napoleon ya kai Masar a 1798 su ma sun yi ta fitsarin jini, likitocinsu sun rubuta abin da suka gani amma ba su gano musabbabinsa ba.

A 1851 ne wani matashin likita Bajamushe, Theodor Bilharz, yana aikin fiɗar gawa a asibitin Kasr el-Aini da ke Alƙahira, ya ga tsutsar da idonsa a cikin jijiyoyin jini. Daga sunansa aka samo kalmar bilarziyoz da ma'aikatan lafiyarmu ke faɗa da Faransanci. Bilharz ya rasu a 1862 yana da shekara 37, kafin a gano ta inda tsutsar ke shiga jikin mutum. Wannan tambaya ta jira har 1915, lokacin da Robert Leiper, likita daga Birtaniya, ya tabbatar a Masar cewa dodon koɗi na ruwa ne ke rainon ta.

Ga yadda abin yake. Mai tsargiya ya yi fitsari a tafki, ƙwayayen su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin ɗan ƙaramin dodon koɗi su hayayyafa. Bayan 'yan makonni su fito da dubbai, musamman da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke wanka. Ta fata suke shiga, ba sai an sha ruwan ba. Idan sun girma sai su zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara suna zuba ƙwai shekara da shekaru. Kowane ƙwai yana da ƙaya a ƙarshensa, yana huda bangon mafitsara ya fita da fitsari, shi ya sa jinin ya fi fitowa a ɗigon ƙarshe. Waɗanda suka kasa fita kuma sai su maƙale a cikin nama, jiki ya yi ta faɗa da su.

Wannan faɗa ne ke haifar da babbar ɓarna. A 1911 wani likita a Alƙahira, A. R. Ferguson, ya wallafa bayanin mutum 40 da ke da ciwon dajin mafitsara tare da ƙwayayen tsargiya a jikin naman. An daɗe ana gardama a kan maganarsa, amma a 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya tsutsar tsargiyar mafitsara cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji. Rahotannin likitocin asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano sun nuna cewa irin dajin mafitsarar da ke tafiya da tsargiya ya yi yawa a ƙasar Hausa. Saboda haka tsohuwar maganar nan da ake yi wa yaro, wai jinin alamar balaga ce, zai tsaya da kansa, magana ce mai tsada. Jinin kan ragu idan yaro ya girma, amma tabon yana nan a ciki.

Yadda magani ya iso aji

Maganin farko ya fito daga Hartum. A 1918 likita John Christopherson ya nuna cewa allurar wani sinadari mai ɗauke da ƙarfen antimoni tana kashe tsutsar. Allura ce mai wahala, ana yin ta sau da yawa a jijiya, tana sa amai, wani lokaci ta taɓa zuciya. Masar ta yi wa miliyoyin mutane ita daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980, kuma saboda ba a tafasa sirinjin yadda ya kamata, gangamin ya yaɗa ciwon hanta nau'in C a ƙauyukan ƙasar. An kori wani ciwo, an shigo da wani.

Sauƙi ya zo a farkon shekarun 1970, da kamfanonin Merck da Bayer na Jamus suka samar da firazikwantel, ƙwayar da ake sha sau ɗaya. Daga nan aka fara tunanin yadda za a kai ta ga yara ba tare da jiran likita ba. A ƙarshen shekarun 1980, a yankin Kilombero na Tanzaniya, Christian Lengeler da abokan aikinsa suka gwada wata dabara mai arha: a aika wa malaman firamare takardar tambayoyi, su tambayi kowane ɗalibi ko ya ga jini a fitsarinsa. Amsoshin da malamai suka tattara sun nuna ƙauyukan da ciwon ya yi katutu, kusan daidai da abin da awon fitsari ya nuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi dabarar.

Nijar ta ƙaddamar da shirinta na ƙasa na yaƙi da tsargiya da tsutsar ciki a 2004, da tallafin wani shiri na kwalejin Imperial da ke Landan mai suna SCI. Tun daga nan malamin makaranta ya zama mai raba magani. Duk wanda ya koyar a ƙauye ya san sandar awon tsawo da ake jingina yaro a jikinta don a san ƙwaya nawa za a ba shi, ya kuma san gargaɗin cewa kada a ba yaro sai ya ci abinci.

Wannan nasara ce babba, amma ta koya mana tambaya ɗaya tak da amsa ɗaya tak: akwai jini, ga ƙwaya. Ga yaro ɗari, amsar za ta dace da kusan dukkansu. Saura wanda ba ta dace da shi ba.

Budurwar Freiburg

Tarihin ɗaya ciwon ya fara ne nesa da tafki. A 1884 aka kwantar da wata budurwa mai shekara 18 a asibitin jami'ar Freiburg a Jamus. Ciwonta zuwa yake ya tafi: haka kawai zuciyarta ta kama bugawa da ƙarfi, kanta ya sara, jiri ya ɗebe ta, fuskarta ta yi fari, sannan abin ya lafa kamar ba a yi ba. Ta rasu a asibitin, da aka buɗe gawar aka tarar da ƙari a kan ƙodojinta biyu. Felix Fränkel ya wallafa labarin a 1886. A lokacin babu ma'aunin hawan jini irin wanda muka sani yau, domin sai a 1896 Scipione Riva-Rocci na Italiya ya ƙirƙiro robar da ake ɗaurawa a damtse a hura mata iska.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka kamar hula. A tsakiyar shekarun 1890 George Oliver da Edward Schäfer suka nuna a Landan cewa ruwan wannan tsoka yana ɗaga jini sama nan take. A 1901 Jokichi Takamine, ɗan Japan mai aiki a Amurka, ya tace sinadarin, wanda ake kira adirenalin. Shi ne abin da ke zubowa cikin jini idan mutum ya yi kiciɓis da maciji a gona: gaba ya faɗi, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, gumi ya keto.

Alfred Kohn, masani a birnin Firag, ya gano a farkon ƙarni na 20 cewa ƙwayoyin da ke yin irin wannan sinadari ba a kan ƙoda kaɗai suke ba. Akwai ƙananan tarinsu a warwatse a gefen jijiyoyin da ke tafiyar da ayyukan da mutum ba ya yi da gangan, kamar bugun zuciya da matsewar hanji, tun daga wuya har zuwa mara. Ƙarin da ya tsiro a kan ƙoda Ludwig Pick ya raɗa masa suna fiyokuromositoma a 1912. Wanda ya tsiro a sauran wuraren kuma shi ake kira paragangiliyoma, likitocinmu na rubuta shi paragangliome da Faransanci. A 1926 César Roux a Lozan ta Siwizalan da Charles Mayo a Amurka, kowanne a nasa asibitin, suka cire irin wannan ƙari marar lafiya ya tashi.

1953: ƙarin ya bayyana a mafitsara

Leƙa cikin mafitsara ya riga wannan duka. Max Nitze ya gwada bututunsa mai fitila a Dresden a 1877, ya nuna shi a Viyana a 1879, kuma jikokin wannan bututu ne ake zurawa ta mafitar fitsari har yau. Duk da haka sai a 1953 Zimmerman da Biron da MacMahon suka wallafa labarin farko na irin wannan ƙari a mafitsara, a wata mujallar likitoci ta birnin Boston.

Ƙarancinsa ne ya sa ya daɗe a ɓoye. Cikin ƙarin mafitsara 1,000 da wuya a sami ɗaya irinsa, kuma likita zai iya yin ritaya bai taɓa cin karo da shi ba. Wani bita da aka wallafa a 2013 ya tattara marasa lafiya 106 ne kacal daga rahotannin da aka buga da Ingilishi tsakanin 1980 da 2012. Matsakaicin shekarunsu 43, amma an same shi a yara da matasa. Kusan rabinsu suna da fitsarin jini, kusan rabi kuma ciwon yana taso musu lokacin fitsari.

Wannan alama ta biyu ita ce mabuɗi. Ƙarin yana zaune ne a cikin naman bangon mafitsara. Idan mafitsara ta cika ta miƙe, ko ta matse don fitar da fitsari, sai ta latsa shi kamar yadda ake matsa lemo, ya fesa sinadarin cikin jini. Nan take jini ya hau, kai ya sara, zuciya ta buga, gumi ya karyo, ido ya yi duhu, wani har ya faɗi. Bayan 'yan mintoci abin ya wuce. Idan aka kai shi likita bayan awa biyu aka auna tansiyo, sai a ga lafiya lau, a ce ya koma gida.

A nan ne al'adarmu take shiga tsakani. Wanda ya suma a makewayi, ko ya fito yana kakkarwa yana gumi, mun san abin da za a fara cewa: ya yi gamo, ya shiga bai yi addu'a ba, ko ya zuba ruwan zafi a inda bai kamata ba. Idan budurwa ce a makaranta, kafin a tashi tara labari ya zagaye gari cewa iska ta buge ta. Addu'ar shiga banɗaki sunna ce, ba mai cewa a bar ta, kuma neman magani shi ma umarni ne. Ana iya yin duka biyun a rana ɗaya. Ya kamata a sani kuma cewa suma wajen fitsari tana da wasu dalilai masu sauƙi, kamar mutum ya zabura daga barci ya miƙe tsaye cikin dare jininsa ya sauka. Likita ne zai rarrabe, amma ba zai iya ba sai an gaya masa lokacin da abin ke faruwa.

Yadda ake gane shi da yadda ake cire shi

Gwajin farko ba ya cin ko dala: a auna tansiyo kafin mutum ya yi fitsari, a sake aunawa da zarar ya gama. Idan ya yi tsalle sama, an sami abin bi. Na biyu hoton eko ne, wanda ake ɗauka mafitsara na cike, yana nuna ko akwai tsiro a bangonta. Na uku awon jini ko na fitsarin yini da kwana, ana neman wani sinadari mai suna metanefirin, wato ragowar adirenalin da ɗan'uwansa noradirenalin bayan jiki ya sarrafa su. Tushen wannan awo yana komawa ga Ulf von Euler na Suwidin, wanda ya gano noradirenalin a 1946, kuma a 1950 shi da abokin aikinsa suka nuna cewa yana yawaita a fitsarin masu irin wannan ƙari. Awo ne na manyan ɗakunan gwaji. Bayan shi sai sikana ko hoton maganaɗisu, don a ga girman ƙarin da ko ya bazu.

Jerin nan yana da dalili. A sauran ƙarin mafitsara likita kan zura bututu ya yanko ɗan nama a kai gwaji. Wannan kuwa, idan aka taɓa shi ba shiri, yana iya zubo da sinadarin gaba ɗaya, jini ya hau ya fasa jijiyar ƙwaƙwalwa ko zuciya ta rikice a kan gadon aiki. A farkon tarihin tiyatar an yi asarar rayuka da yawa ta haka. Abin ya canja a shekarun 1950 da aka sami magunguna irin su fenoksibenzamin, masu toshe hanyar da sinadarin ke bi ya matse jijiyoyin jini. Yau ana ba marar lafiya irin wannan magani na mako ɗaya zuwa biyu kafin aiki, a ƙara masa ruwa da gishiri. Magungunan rage bugun zuciya irin su furofaranolol da atenolol ba a fara su sai bayan na farkon ya kama jiki, domin idan aka fara da su jinin ƙara hawa yake. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana mutum sayen maganin hawan jini a teburin kasuwa.

Aikin kansa galibi yanke ɓangaren mafitsarar da ƙarin yake ne a ɗinke sauran, mutum ya ci gaba da fitsari kamar kowa. Da yawa hawan jininsu yana tafiya tare da ƙarin. Amma ba a sallamarsu har abada, domin yana iya dawowa ko ya bazu bayan shekaru, shi ya sa ake son awo duk shekara. Wanda nasa ya bazu yana iya buƙatar gashi, kuma tun 2021 cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta fara yin gashi a cikin gida.

Akwai kuma batun gado. Daga shekarar 2000 aka fara gano ƙwayoyin halittar da ke jawo paragangiliyoma, kuma yanzu an san kusan kashi ɗaya cikin uku na masu irin waɗannan ƙari gadonsa suka yi. A 2007 Hartmut Neumann da abokan aikinsa suka bi sawun dangin budurwar nan ta Freiburg, shekara 120 da 'yan kai bayan rasuwarta, suka tarar da ciwon yana nan a zuri'ar. Don haka idan an same shi a gida, a gaya wa likita ko akwai ɗan'uwa da ya yi hawan jini yana matashi, ko ya faɗi ya mutu ba ciwon komai.

Abin da ya rage a hannunmu

Kada wani ya karanta wannan ya hana ɗansa shan ƙwayar makaranta. Tsargiya ce babbar abokiyar gabarmu, ita ke hana yara jini da kuzarin karatu, ita ke shuka dajin da zai tashi bayan shekara ashirin ko talatin. A sha magani duk lokacin da aka kawo, a hana fitsari a tafki, a matsa wa hukumar gari da kwamitin iyaye su gina makewayi a makaranta.

Abin da tarihin nan ke ƙara mana shi ne tambaya ta biyu da ta uku. Malam, idan ɗalibi ya ce maka yana fitsarin jini, ka tambaye shi ko kansa na sarawa ko zuciyarsa na bugawa idan ya je fitsari. Ka rubuta ranar da ya sha ƙwaya a bayan rajistar kira, bayan wata biyu ko uku ka sake tambayarsa a keɓe, domin yaro ba ya faɗin irin wannan a gaban aji, yarinya kuma sai ga malama mace. Idan jinin bai tsaya ba, ka kira uban ka ba shi takarda zuwa likitar CSI, a auna fitsarin da aka yi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwayayen suka fi fita. Idan ba a ga ƙwai ba kuma jini na zuba, a nemi takardar turawa zuwa asibitin gunduma, daga nan zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram inda likitocin mafitsara suke.

Iyaye kuma, mu lura da kanmu. Magidanci ko uwargida da ya wuce arba'in ya ga jini a fitsari, ko da sau ɗaya ne kuma ba zafi, kada ya ce tsargiyar ƙuruciya ce ta motsa. Matashin da aka ce yana da hawan jini tun bai kai talatin ba, a nemi dalili kafin a ɗora shi a kan ƙwaya har ƙarshen rayuwa. Wanda kuma ke faɗuwa a makewayi, a faɗa wa likita da baki cewa lokacin fitsari abin ke zuwa, kada kunya ta sa a ce kawai yana suma. Kuɗin mota zuwa Damagaram da na hoto nauyi ne ga mai gona ɗaya, ba mai musun haka, amma ya fi sauƙi a kan akuyoyin da za a sayar ana yawon magani shekara biyu a kan ciwon da ba shi ba ne.

Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kare mana 'ya'yanmu.